Wasan Laima Da Allo A Kan Teku

Cikin wasannin da a ke yi a bakin teku a zamanin nan akwai wani wanda ya kamata masu karatu su ji labarinsa, ko da ya ke yawancinmu mazauna tudu ne, tsakaninmu da teku tafiya ce mai nisa. Wasan kuwa shi ne mutum ya tsaya a kan wani ɗan allo bisa ruwa, ya maƙala igiyoyi a ɗamararsa, can sama kuma wata babbar laima ta kama iska tana jansa. Babu inji, babu mai, babu filafili. Iska kaɗai ke yin aikin, amma duk da haka gwanayen wasan su kan yi gudu kamar na mota a kan hanya mai kyau, su kan kuma tashi sama su wuce tsayin rimi, sa'an nan su sauko a hankali su ci gaba da tafiyarsu.

Wanda ya fara ganin hoton abin zai zaci wuyarsa duka ita ce samun ƙarfin da zai ja mutum. Alhali kuwa tun wajen shekara 200 da suka wuce aka san laima tana iya jan keke cike da mutane. Abin da ya gagari masu dabara shekara da shekaru shi ne yadda za a rage ƙarfin nan in ya yi yawa, da yadda mutum zai rabu da shi nan take in ya ga hallaka ta taso. Sai da aka sami wannan, bayan an yi hasarar rayuka, sa'an nan wasan ya zama abin da za a koya wa kowa. To, bari mu bi labarin daga tushe.

Asalin Laimar

Asalin laimar nan wani abin wasa ne na yara. A kan gicciya tsinke biyu, a shimfiɗa musu takarda ko ƙyalle, a sa wutsiya, a ɗaura dogon zare, a sakar wa iska ta yi sama da shi. Turawan Ingila da sunan shirwa su ke kiransa, saboda yadda ya ke tsayawa wuri guda a sama yana shawagi kamarta, don haka mu ma a nan za mu ce da shi shirwar takarda. Masana tarihi sun ce an san ta a ƙasar Sin tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Duk yaron da ya taɓa riƙe zaren nan ya san yana ja. Benjamin Franklin, shahararren masanin nan na Amurka wanda ya yi gwajin walƙiya da shirwar takarda cikin 1752, ya ba da labarin cewa sa'ad da ya ke yaro ya taɓa kwantawa rigingine a kan ruwan wani tafki yana riƙe da zaren, iska ta yi ta jansa har ya kai wancan gaɓa ba tare da ya yi iyo ba.

Amma wanda ya fara ɗaukar abin da gaske wani malamin makaranta ne a garin Biristol na Ingila, sunansa George Pocock. Ya daɗe yana gwaje-gwaje tare da almajiransa, har cikin 1826 ya yi rajistar wani keke irin na doki, wanda manyan laimomi ke ja maimakon dawaki. Da igiyoyi huɗu ya ke sarrafa su, keken kuwa ya kan yi gudun mil 20 a awa, watau wajen kilomita 32. A zamanin nan a kan tsai da matafiya a shingayen hanya a karɓi kuɗi bisa ga yawan dawakin da ke jan keke. Keken malamin ba shi da doki ko ɗaya, saboda haka masu karɓar kuɗi ba su da abin rubutawa a littafinsu, sai ya wuce kyauta. Cikin 1903 kuma wani Ba'amurke mazaunin Ingila, Samuel Cody, ya ƙetare mashigin tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila cikin wani ɗan kwalekwale, laima na jansa.

Duk da haka dabarar ba ta yi nisa ba. Jirgin ƙasa da mota suka zo, su kuwa ba su jiran iska. Ban da wannan, laimomin dā suna da aibi biyu manya. Na farko, in laima ta faɗa ruwa sai ta jiƙe ta kwanta, tafiya ta ƙare ke nan. Na biyu, in iska ta ƙaru farat ɗaya, mai riƙe da ita ba shi da wata dabara sai ya saki ko kuwa ta tafi da shi.

'Yan'uwa Biyu Na Faransa

Cikin 1977 wani mutumin Holan, Gijsbertus Panhuise, ya yi rajistar wasan kamar yadda mu ka siffanta shi a farko, watau mutum a kan allo laima na jansa, amma ba wanda ya kula da shi. Waɗanda suka warware aibi na farko wa da ƙane ne, Bruno da Dominique Legaignoux, mutanen gaɓar yammacin Faransa, waɗanda suka tashi cikin tuƙin jiragen ruwa masu tafiya da iska. Dabararsu ita ce su ɗinka wa bakin laimar wani dogon bututu, da waɗansu ƙanana a jikinta a matsayin haƙarƙari, a hura su da famfo kamar tayar keke. Iskar da ke ciki ita ke ba laimar siffarta ba tare da sanda ko ƙarfe ba. In kuma ta faɗa ruwa sai ta tsaya a bisa kamar gora, mai ita ya ja igiya ɗaya ta mirgina ta sake tashi.

Cikin Nuwamba 1984 suka yi rajistar dabararsu wurin hukuma, don kada wani ya kwaikwaya ba da izninsu ba. Suka yi ta yawo da ita wurin masu kamfanonin kayan wasan ruwa, ba wanda ya ga riba a ciki. Sai cikin 1997, bayan shekara 13, laimarsu ta shiga kasuwa sosai da sunan Wipika. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

A Amurka kuma wani masanin ƙirar jirgin sama na kamfanin Boeing, Bill Roeseler, da ɗansa Cory, sun ƙago tasu irin laimar, wadda suka fara sayarwa cikin 1994. Cikin 1996 waɗansu gwanayen hawan raƙuman ruwa biyu, Laird Hamilton da Manu Bertin, suka nuna wasan a tsibirin Maui na Hawai, hotunansu suka bazu cikin jaridu. A tsibirin nan ne aka yi gasa ta farko cikin 1998, wani mai suna Flash Austin ya cinye.

Kayan Wasan Da Yadda Su Ke Aiki

Kayan ba su da yawa. Akwai laimar kanta, wadda faɗinta ya kan kama daga murabba'in mita 5 zuwa wajen 17. Mai murabba'in mita 12, wadda aka fi amfani da ita, in an shimfiɗa ta faɗinta daidai ya ke da daɓen ɗaki mai mita 3 da mita 4. Akwai igiyoyi, yawanci huɗu, masu tsawon mita 20 zuwa 27. Kaurinsu bai fi na tsinken ashana ba, amma kowace ɗaya tana iya ɗaukar nauyin fiye da kilo 200. Akwai wata 'yar sanda da mai wasa ke riƙewa da hannu biyu, da ɗamara mai ƙugiya da ya ke ɗaurawa a ƙugu, sa'an nan allon, wanda tsawonsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, yana da madaukai biyu na sa ƙafa kamar likkafa.

Igiyoyi biyu na gaban laima su ne ke ɗauke da yawancin nauyin. Su kan ratsa ta tsakiyar sandar su maƙale a ƙugiyar ɗamara, watau da ƙugunsa a ke jan mutum, hannuwansa ba su wahala. Biyu na baya kuwa an ɗaure su a bakin sandar dama da hagu, su ne linzami. In ya ja dama laima ta karkata dama, in ya ja hagu ta yi hagu. In ya jawo sandar kusa da cikinsa, laima ta ƙara tare iska, ƙarfi ya ƙaru. In ya tura ta gaba, igiyoyin baya su yi sako-sako, iska ta zame ta wuce, ƙarfi ya ragu.

Laima ba ta iya zuwa ko'ina a sararin sama. Mu ɗauka mutum ya juya wa iska baya. Filin da laimarsa ke iya yawo a ciki kamar rabin ƙwarya ne da aka kife a gabansa, shi yana tsakiya. Bakin ƙwaryar, daga hagunsa ya bi ta bisa kansa ya sauka damansa, nan ne laima ba ta da ja sosai, gama iska na shafar ta ne kawai tana wucewa. Masu wasan su kan ƙidaya bakin nan kamar fuskar agogo: ƙarfe 9 a hagu, 12 a bisa kai, 3 a dama. Can tsakiyar ƙwaryar kuwa, sosai gaban mutum, nan ne iska ke bugun laima gaba da gaba, nan ne ƙarfi duka ya ke. Mai son tashi daga ruwa sai ya tsunduma laimar daga ƙarfe 12 zuwa cikin tsakiyar nan, ta fizge shi ya miƙe a kan allo, sa'an nan ya komar da ita gefe ya daidaita tafiya.

Wani zai ce, to, ashe inda iska ta nufa can kaɗai mutum zai tafi? A farkon wasan kusan haka abin ya ke, mutum ya bi iska ya yi nisa, sa'an nan ya fito ya saɓo kayansa ya komo da ƙafa ta bakin gaɓa. Daga baya aka gane in mutum ya kwanta baya ya kafa gefen allon cikin ruwa, ruwan zai tokare shi ya hana laima janye shi, sai ya yi ta yanka iska a karkace. In ya yi tafiya haka zuwa dama, ya juyo ya yi zuwa hagu, kamar mai hawan dutse da jaki, a hankali sai ya kai wurin da iskar ke fitowa.

Akwai kuma wani abin mamaki, shi ne mai laima yana iya gudun da ya fi na iskar da ke jansa. Mai keke ya san ko ran da ganye ba ya motsi, in ya taka da sauri zai ji iska na bugun fuskarsa. Haka laima, da ya ke ita ma gudu ta ke yi a sama, iskar da ta ke ji ta haɗa da wadda ke kaɗawa da wadda gudunta ya haifar. Daɗin daɗawa, a can sama inda ta ke, iska ta fi ƙarfi kuma ta fi daidaito bisa ga ta kusa da ruwa.

Lissafin Iska

A nan ne ya kamata malaman lissafi su kasa kunne, gama haɗarin wasan duka yana cikin ƙa'ida guda. Ƙarfin da iska ke bugun abu da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfinta ya kan ninka sau 2 sau 2, watau sau 4. In gudun ya ninka sau 3, ƙarfin ya ninka sau 9.

Alal misali, mutum ya shiga ruwa da babbar laima sa'ad da iska ke gudun kilomita 20 a awa, tana jansa daidai yadda ya ke so. Hadari ya taso, iska ta koma kilomita 40. Jan da ya ke ji yanzu ya zama huɗu na dā. In ta kai kilomita 60 ya zama tara. Nauyin mutumin kuwa bai ƙaru da ko kilo ɗaya ba. Mu da mu ka san yadda iskar farkon damina ke kware rufin kwano ta jefar da shi bayan gari, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Saboda wannan ne mai wasan kirki ya kan ajiye laima biyu ko uku, babba don ran da iska ke sanyi-sanyi, ƙarama don ran da ta ke da ƙarfi, kuma ba ya shiga ruwa sai ya duba labarin yanayi ya kuma dubi sama da idonsa.

Haɗari Da Maganinsa

Laimomin farko ba su da hanyar rage ƙarfi sai kaɗan, waɗansu ma igiya biyu kawai gare su. Mutane da yawa iska ta ɗaga su ta maka da duwatsu ko bango ko itatuwan bakin gaɓa. Cikin Yuni 2002, ana tsakiyar gasa a garin Zingst na gaɓar arewacin Jamus, igiyoyin wata gwanar wasan mai suna Silke Gorldt suka sarƙe da laimar wani. Laima biyu suka haɗu suka ja ta, ba ta sami ikon kwance kanta ba, suka buga ta da turakun da aka kafa don kare gaɓa, ta rasu. Mutuwarta ta girgiza masu wasan, ta sa masu ƙera kaya suka mai da hankali ga yadda mutum zai kuɓuta ko da igiya ta ɗaure tamau.

Gyara biyu suka biyo baya. Na farko shi ne makwancin gaggawa, wani ɗan abu a gaban ɗamara wanda turawa ɗaya da hannu ɗaya ke buɗe shi. Cikin 2020 hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin kaya ta fitar da ƙa'ida musamman a kansa, da yadda za a jarraba shi. Na biyu, cikin 2005 aka fito da sabuwar irin laima, ita ma da hannun Bruno Legaignoux a ciki. Ta dā a lanƙwashe ta ke ƙwarai kamar kofaton doki, sabuwar kuwa ta fi shimfiɗewa, kuma in mutum ya saki sandar kusan dukan ƙarfinta ya kan zube. Aibi na biyu da ya dami Pocock da Cody ya sami magani ke nan, bayan kusan shekara 180.

Yanzu matakan tsira uku ne, kowane ɗan koyo sai ya haddace su kafin ya taɓa ruwa. Da fari ya saki sanda. In bai isa ba ya tura makwancin gaggawa, laima ta rataya a igiya ɗaya kamar tuta, ta faɗi ba ƙarfi. In har yanzu tana jansa, sai ya kwance igiyar ƙarshe ya bar ta ta tafi, gama ana sayen wata laima. Da yawa kuma su kan riƙe 'yar wuƙa mai lanƙwasa a ɗamara, domin igiyar nan in ta miƙe da ƙarfi tana yanka kamar aska.

Har wa yau akwai dokar zaɓen iska. Wadda ke kaɗawa daga tudu zuwa cikin teku mugunya ce, gama in wani abu ya lalace za ta yi ta tura mutum can inda ba mai cetonsa. Wadda ke fitowa daga teku sosai ta bugi tudu ita ma ba ta da kyau, za ta jefa shi kan abin da ke gaɓa. Wadda a ke so ita ce mai zuwa a karkace, tana bin gaɓa tana ɗan turowa waje. In kuma mutum biyu suka yi kiciɓis a ruwa, wanda ke wajen da iska ke fitowa ya ɗaga laimarsa sama, ɗayan ya sauke tasa ƙasa, don kada igiyoyi su sarƙe.

Saboda waɗannan abubuwa ne ba a son mutum ya sayi kaya ya koya wa kansa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Tun 2001 aka kafa ƙungiyar duniya mai horad da malaman wasan tana ba su takardar shaida. Tsarin koyarwarsu kuwa duk malamin makaranta zai gane shi, daga mai sauƙi ne zuwa mai wuya. A kan fara da 'yar ƙaramar laima a tudu. Sa'an nan a shiga ruwa ba allo, laima ta yi ta jan mutum a kan cikinsa har ya iya bi da ita inda ya ke so, ya iya tashe ta in ta faɗi, ya iya naɗe igiyoyinsa ya komo gaɓa shi kaɗai. Tsayawa a kan allo, wanda shi ne ɗan koyo ke ɗoki, shi ne darasi na ƙarshe.

Gudu Da Tsalle Da Gasa

Da aka sami ikon mallakar ƙarfin, sai gwanaye suka shiga neman iyakarsa. A garin Lüderitz na ƙasar Namibiya, inda iska ke da ƙarfi ƙwarai, a kan auna gudu a kan tsawon mita 500. A can ne cikin Oktoba 2008 wani Bafaranshe, Sébastien Cattelan, ya yi gudun kilomita 93 a awa. Cikin 2010 wani Ba'amurke, Rob Douglas, ya kai kilomita 103, a lokacin kuwa babu wani abin hawa mai tafiya da iska a kan ruwa da ya taɓa yin haka. Cikin 2012 wani jirgi na musamman da Paul Larsen ya tuƙa, a Namibiya ɗin dai, ya karɓe kambin da kilomita 121. Cikin 2017 kuma Alexandre Caizergues ya kai kilomita 107 da laima a kudancin Faransa.

Masu tsalle su kuma nasu gwanintar daban ce. Mutum yana cikin gudu sai ya aika da laimar bisa kansa da sauri ya jawo sanda, ta ɗauke shi sama. An auna waɗansu sun wuce mita 30. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, saboda haka gwaninta ta gaskiya a wajen saukowa ta ke, sai ya riƙe laimar a bisa kansa ta sauke shi kamar sojan laima.

Sabon abin da ya shigo shi ne fiffiken ƙarƙashin ruwa. A kan kafa wa allon wata ƙafa mai tsawon kusan mita ɗaya, a ƙarshenta da fiffike irin na jirgin sama. In gudu ya kankama sai fiffiken ya ɗaga allon gaba ɗaya ya rabu da ruwa, mutum ya yi ta tafiya kamar a sarari, ko da iska ba ta da yawa. Da irin wannan a ke tsere a wasannin Olimfik. Shigarsa can ma sai da aka sha gardama: cikin Mayu 2012 hukumar wasannin jiragen iska ta duniya ta yarda a sa shi a wasannin 2016, cikin Nuwamba na shekarar ta warware. Sai a wasannin Faris na 2024 aka yi shi, a tekun birnin Marsel. Eleanor Aldridge ta Ingila ta ci lambar zinariya ta mata, Valentin Bontus na Ostiriya ya ci ta maza, wani yaro ɗan shekara 17 daga Singafo, Maximilian Maeder, ya zo na uku. Tseren ƙarshe na maza kuwa sai da aka ɗaga shi zuwa kashegari, don iska ta ƙi kaɗawa.

Rabon Afirka

Da yawa cikin wuraren da suka fi suna a wasan nan a Afirka su ke. Akwai Essaouira a Maroko, da Dakhla a gaɓar Yammacin Sahara, da El Gouna a bakin Bahar Maliya a Masar, da Paje a tsibirin Zanzibar, da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, inda iskar kudu maso gabas ke kaɗawa da ƙarfi har mutanen garin suna kiranta likita, wai don tana share musu gurɓatacciyar iska. Baƙi su kan zo daga Turai su kwana a masaukai su biya masu koyarwa, samarin wurin da yawa sun sami sana'a ta haka. Amma kayan suna da tsada, kuma bakin ruwan da ma akwai masunta da masu wanka, shi ya sa a waɗansu garuruwa hukuma ta keɓe wa masu laima nasu wuri.

Wurin da ya fi kusa da mu ta wajen iska shi ne tsibirin Sal, cikin tsibiran Cape Verde da ke yamma da Senegal. Iskar arewa maso gabas, wadda a wajenmu ta ke ratso Sahara ta zama hunturu, ita ce ke kaɗawa a can daga wajen Nuwamba har zuwa bazara, wani lokaci ma har ƙurar hamada ta kan kai musu. Watau sa'ad da mu ke fama da hazo da tsagewar leɓe, su a can kasuwarsu ce ta buɗe. Wani ɗan tsibirin, Mitu Monteiro, ya zama zakaran duniya na hawan raƙuman ruwa da laima cikin 2008.

Shawara Ga Malamai

Ba mu ce kowa ya nufi teku ba, amma ilmin da ke cikin wasan nan ana iya kawo shi filin makaranta ba tare da an kashe kuɗi ba. In hunturu ya shigo, malami ya sa yara su nemo tsinkaye marasa nauyi da tsohuwar jarida da zare, kowane rukuni ya yi shirwar takarda tasa, wata babba wata ƙarama. A fita fili nesa da wayoyin lantarki, kada kuma a yi in akwai alamar hadari. A ɗaura zaren a jikin sikelin rataye, a rubuta abin da ya nuna da safe sa'ad da iska ke da ƙarfi, a sake rubutawa da la'asar in ta lafa, a gwada na babbar da na ƙaramar. Sa'an nan a tambayi yara, in iskar nan ta ninka gudunta, me sikeli zai nuna, wace shirwa kuma ya kamata a fitar ran nan? Yaron da ya ji zare na jan hannunsa, ya kuma yi lissafin da kansa, ba zai manta da ƙa'idar ba.